Hutu da Iyali a Tsibirin Girka: Dalilin da Ya Sa Na Ce Rodos

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai maiɗakina da yaranmu biyu hutu ƙasar Girka, in Allah ya yarda. Hotunan Santorini da Mikonos ne suka ja hankalinmu. Damuwata huɗu ce: ko za mu sami bakin tekun da mace mai hijabi za ta sake, me za mu ci tunda na ji naman alade ya yi musu yawa, me mutumin da ba ya shan giya zai yi da dare, sannan wace tsaraba ce ta cancanci a sayo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Tsibiran nan biyu da ka ambata, hoto ne ya sayar maka da su, kuma hoton bai yi ƙarya ba, suna da kyau. Amma da yara biyu a hannu ba zan tura ka ko ɗaya ba. Garuruwan Santorini da kake gani a bakin tsauni suke, matakala ce hawa da sauka duk inda ka nufa, rairayin Kamari da Perisa kuma baƙi ne, na dutsen da ya yi aman wuta, da rana ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. Mikonos kuwa rawa da kiɗa ne sana'arsa, a wasu gaɓoɓin tekun tun la'asar ake sakin kiɗa, ga tsada da za ta sa ka riƙa lissafin yuro da naira har abincin ya fita ranka. Shawarata ita ce Rodos, wanda za ka gani a tikiti an rubuta Rhodes. Daga Atina tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin sama.

Rodos babba ne, tsawonsa ya kusa kilomita 80, kuma wannan girman shi ne amfaninsa a gare ka. Masu sheƙe aya suna da unguwarsu, masu iyali suna da tasu. Duk tambayoyinka huɗu suna rataye ne da abu ɗaya: a wane gari ka kama masauki. Wanda ya ga otal mai araha ya biya bai duba taswira ba, shi ne yake dawowa yana cewa Girka ba wurin zuwan mutumin kirki ba ce.

Bari mu fara da teku. Tsibirin gefe biyu gare shi, kuma ba su yi kama da juna ba. Gefen yamma, inda Iksiya da Yalisos suke, kusa da filin jirgi, shi iskar da suke kira meltemi take buga wa. Iska ce daga arewa, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Bakin ruwan tsakuwa ne, igiyar ruwa tana da ƙarfi, masu wasan tsere da iska a kan allo su suke murna da wurin. Akwai manyan otal masu kyau a can, sau da yawa ma sun fi sauƙin kuɗi, amma yaro ɗan shekara biyar ba zai ji daɗin ruwan ba. Gefen gabas tsaunukan tsakiyar tsibirin sun tare masa iska, ruwan a kwance yake, kuma can ne rairayi yake. To gabas za ka nema: Kolimbiya, ko Pefkos, ko Kiyotari in kana son nesa da jama'a.

A gabas ɗin ma akwai zaɓi. Tsambika ita ce ta yara: rairayi mai laushi, ruwa marar zurfi da za ka yi ta tafiya cikinsa bai wuce gwiwa ba. Agati, kusa da ƙauyen Haraki, ƙarama ce a ƙarƙashin kangon wata tsohuwar ganuwa, ita ma haka. Afandu da Gennadi dogaye ne ƙwarai, tsakuwa ta fi yawa, amma saboda tsawonsu kana iya yin gaba kaɗan ka sami wurin da ba kowa sai ku. Ga maiɗakinka, ina ganin waɗannan biyun za su fi mata. Babu dokar da ta hana mace shiga teku da rigar iyo mai rufe jiki a Girka, kuma ba wanda zai ce mata kanzil. Abin da zai dame ku ba kallon da za a yi mata ba ne, abin da idonku zai gani ne. Turawa rana suka zo sha, da yawa cikin matan ɗan ƙyalle ne a jikinsu, wasu ma saman a buɗe, a wurinsu kuma ba komai ba ne. Akwai ma wata ƙaramar gaɓa kusa da Faliraki, Mandomata, da aka ware wa masu tsiraici. Ka riƙe sunan don kada ka bi hanyar. Maganin wannan shi ne lokaci. Ku sauka ruwa da hantsi, ƙarfe bakwai zuwa tara da rabi, lokacin masu kwana a gidan rawa ba su tashi ba, sai tsofaffin gari da suke zuwa iyonsu na safe. Rana ma ba ta yi zafi ba. Rigar iyon a saya tun daga gida ko a Santambul ko Alkahira in ta can kuka bi, don a tsibirin ba lallai ku samu ba. Tafkin otal kuwa dokarsa daban, wasu ba sa yarda a shiga da abin da ba na iyo ba, saboda haka a aika musu saƙo a tambaya kafin a biya.

Kujerun kwanciya da laima da za ka gani jere a bakin ruwa na haya ne, ana biyan kuɗin kujera biyu da laima ɗaya a yini, kuma sahun gaba ya fi tsada. Amma bakin teku na kowa ne a dokar Girka, mai kujeru ba shi da ikon korar wanda ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe. A 2024 ma an tsaurara dokar bayan mutanen tsibirai sun yi ta ƙorafin an mamaye musu gaɓa. Ka saya wa yara takalmin roba na shiga ruwa, saboda tsakuwa da wata halitta baƙa mai ƙaya da take maƙale wa duwatsu. In ka ga jar tuta, ba a shiga. Mu da yawancinmu ba a ruwa muka taso ba, wannan ba abin gwada jarumta ba ne.

Lindos, kilomita kamar 50 kudu da babban gari, shi ne zai biya maka bukatar hoton Santorini: fararen gidaje, lunguna, tsohon wurin bautar wata gunkiyar Girkawan dā mai suna Atina a kan dutse, da ruwa shuɗi a ƙasa. Mota ba ta shiga cikin ƙauyen. Sai dai yana cikin wuraren da suka fi zafi a duk Girka, don haka a je da sassafe ko bayan la'asar.

Yanzu abinci, inda ya fi bukatar a tsaya. Abin da ka ji gaskiya ne. Za ka wuce wani shago ka ga nama a soke tsaye yana juyawa gaban wuta, ana yanko shi ana naɗewa cikin gurasa da tumatir da albasa da soyayyen dankali, ka ce ai ga shawarma. Sunansa giros, kuma a Girka in ba a faɗi wani nama ba, to na alade ne. Haka tsirensu, suflaki. Akwai na kaza, amma tsaya ka kalli hannun mai yankan: yawanci wuƙa ɗaya ce, faranti ɗaya, gurasar ma a kan ƙarfe ɗaya ake ɗumama ta, inda kitsen wancan yake ɗiga. Ni dai ba na ba kowa shawarar giros a wurin da ake sayar da duka biyun. Ka riƙe kalmomi kaɗan a wayarka: hirino shi ne alade, kotopulo kaza, arni rago, moshari naman sa, psari kifi, krasi kuma giya ce ta inabi. Abin da aka yi da niƙaƙƙen nama, irin su musaka da keftedes, a tambaya, don wasu suna haɗa na sa da na alade. Batun ko yankansu ya halatta a matsayinsu na ma'abota littafi, wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da shi kafin ka tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne naman da ke yawancin gidajen abinci ba yankan Musulmi ba ne.

Amma ba za ku kwana da yunwa ba, ko kusa. Kiristocin Girka suna da azumi masu tsawo da ba sa cin nama a cikinsu, musamman kafin Ista, shi ya sa girkinsu yake cike da abincin da babu nama ko kaɗan, kuma ba na dole ba ne, abinci ne mai daɗi. Gemista tumatir ne da tattasai da aka cusa wa shinkafa aka gasa. Gigantes manyan wake ne cikin miyar tumatir. Briyam kayan lambu ne da dankali a man zaitun. Dolmades shinkafa ce a naɗe cikin ganyen inabi, sai a tambaya ko an sa nama. Horiyatiki kuma shi ne haɗin tumatir da kokwamba da albasa da zaitun, da ƙaton yankin cuku a kai. Na Rodos kansa shi ne pitarudiya, soyayyen ƙulli na waken nan da ake yin hummus da shi, da albasa da na'ana'a. Yara suna son sa. Tarko ɗaya ne a nan: giya a cikin miya. Stifado, wato dafaffen nama da albasa, galibi da ita ake dafa shi, jatan lande da ake kira saganaki sau da yawa ana zuba masa wata barasa mai suna uzo, duk abin da ka ga an rubuta krasato kuma a giya aka dafa. Gasasshe ya fi kwanciyar hankali.

Kifi shi ne abincinku, amma a nan ake yanke wa baƙo aljihu. Farashin da ke cikin takardar abinci na kilo ne, ba na faranti ba. Abin da ɗan gari yake yi shi ne ya tashi ya bi mai hidima zuwa inda kifin yake kwance a kan ƙanƙara, ya duba idonsa ko garau yake, ya nuna wanda yake so, a ɗora a sikeli a gabansa, a faɗa masa kuɗin, sannan a kai wuta. Ba rowa ba ce, haka ake yi, ba wanda zai ga baƙinka. Ƙananan kifi irin sardin da gavros suna da araha kuma sabbi ne. Wanda aka sa wa alamar tauraro a takarda daskararre ne daga firji.

Sai wasu ƙananan al'adu. Girkawa ba sa cin abincin dare kafin tara. In ka ga gidan abinci cike da ƙarfe shida, baƙi ne. Burodin da ake ajiye maka ba ka tambaya ba ana sa kuɗinsa a lissafi. In kun gama, mai gida yakan kawo kyauta: kankana, ko ɗan zaƙi, ko ƙaramin kofi na wani farin ruwa kamar ruwan sha. Suma ce, barasar da ake yi a ƙauyukan dutse irin su Siyana da Embonas. Ka dafa ƙirji ka ce efharisto, wato na gode, ka ce ba ka sha, zai ɗauke ba tare da jin haushi ba. Ka kula kada yaro ya kai hannu. Gidan abincin da aka sa mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci manya-manya, wuce shi. Shiga lungu biyu baya, inda takardar abincin gajera ce. Dokarsu ta ce in ba a ba ka rasit ba, ba dole ka biya ba, za ka ga an manna wannan a bango.

Dare kuma. Faliraki, kilomita kamar 14 daga babban gari, shi ne ya yi ƙaurin suna tun farkon shekarun 2000, lokacin da samarin Ingila suka mai da shi wurin shan giya har a faɗi a titi. Ya lafa a kan da, bakin tekunsa ma mai kyau ne, akwai kuma babban wurin wasan ruwa na yara da za ku iya zuwa da rana. Amma titunan mashaya biyun suna nan, kiɗa har asuba, kada ka kama ɗaki kusa da su. A sabon gari ma akwai titin Orfanidu, shi ma haka.

Wannan duka ɗan yanki ne na daren Rodos. Daren mutanen gari yawo ne, suna ce masa volta. Rana na faɗuwa kowa ya yi wanka ya sa kaya, kaka da jika, a fito a yi ta zagaya, a sha ayis kirim, a zauna a sha kofi awa biyu ba mai cewa ka tashi. Yara suna guje-guje a dandali har sha ɗaya. Mutumin da ya zauna da lemo ko shayi ba bare ba ne a wurin. Ku fara daga tashar jiragen ruwa ta Mandraki, inda gumakan barewa biyu suke tsaye a kan ginshiƙai, ku wuce injinan niƙa uku na iska, ku shiga tsohon gari ta ɗaya daga ƙofofin ganuwa. Da dare ya fi kyau, an kunna fitilu, masu manyan jiragen yawon buɗe ido sun koma jiragensu.

Tsohon garin nan, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1988, shi ne babban dalilina na biyu. Mayaƙan Kirista da ake kira jaruman Yohanna su suka ƙarfafa ganuwar, sun riƙe tsibirin sama da shekara 200, har Sarki Sulaiman na daular Turkawa ya ci shi a 1522. Turkawa suka zauna har 1912 da Italiya ta karɓe, bai koma hannun Girka ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, Rodos yana hannun Italiya, saboda haka Musulminsa ba a kwashe su ba, jikokinsu suna nan har yau. A saman titin Sokratus za ka ga masallacin Sulaiman da hasumiyarsa, a gabansa kuma ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga da aka kafa a 1793, mai tsofaffin littattafan hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci. Wanda ake salla a cikinsa shi ne masallacin Ibrahim Pasha, na 1540, a cikin lungunan. Ka je Juma'a can, in an idar ka tambayi jama'a inda suke sayen nama. Amsar da za su ba ka ta fi duk abin da za ka gani a intanet. Ka lura alƙibla a Rodos kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da ka saba ba, kuma a watan Yuni magariba tana kaiwa wajen takwas da rabi, isha ta wuce goma.

Tsaraba ba zan ja ta da tsawo ba. Titin Sokratus shi ne kasuwar baƙi, rabin kayan da ke rataye a can ba a Girka aka yi su ba. Abin da ya cancanci nauyin akwati shi ne zuma ta dutse, man zaitun a gwangwani, sabulun zaitun, takalman fata na hannu, da fentattun farantan ƙasa da ake yi a wajen Arhangelos. Sai melekuni, wanda yake kamar kantun riɗi namu, sai dai da zuma ake yi a sa ɓawon lemo da kayan ƙamshi. A bikin aure suke raba shi, ba ya lalacewa a hanya, tsofaffi a gida za su gane shi nan take. Zuma da mai a babbar jaka za su shiga, ba ta hannu ba. In Hajiya ta tsaya a shagon gwal, aikin yana da kyau, amma yawancinsa karat 14 ne ko 18, kuɗin aiki ne rabin farashin. Na kwalliya ne, ba irin na ajiya da ake sayowa a Dubai ko Makka ba, ranar sayarwa za a ga bambanci. Ba a taya kaya kamar a kasuwa, amma in ka sayi da yawa kana iya neman ragi cikin fara'a. A manyan shaguna ka nemi takardar maido da haraji, tunda kai ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne, a buga mata hatimi a filin jirgin da za ka fita daga Turai. Shagunan 'yan gari da yawa suna rufewa da rana tsaka, ranar Lahadi kuma sai na baƙi. Kada yaro ya tsinci dutse ko ɓallin tukunya a wurin tarihi ya sa a aljihu, laifi ne babba a dokarsu.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. A bakin tashar ruwa za a yi ta tallata maka zuwa Marmaris ta Turkiyya a yini ɗaya, tafiyar kamar awa guda ce, kuma kasuwar can tana jan hankali. Duba bizarka tukuna. In ta shiga sau ɗaya ce, kana taka Turkiyya ta mutu, ba za a bar ka ka dawo Rodos ba, kayanka suna otal. Ga kuma bizar Turkiyya da ita ma sai ka nema. In ana son hawa jirgin ruwa, a je Simi, ƙaramin tsibirin Girka ne mai gidaje kala-kala a jikin dutse, can ake sayar da soson teku na asali. Na biyu, babur mai ƙafa huɗu da ake ba da haya ko'ina: yana kifewa a kwana, kuma inshorar tafiya da yawa ba ta biyan wanda ya ji rauni a kansa. Ka yi hayar ƙaramar mota, ka taho da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida. Lambar gaggawa 112 ce.

Game da lokaci, in hutun makarantar yara ya ba ka dama, ka guji tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Zafi ne, cunkoso ne, farashi ya kai ƙarshe, kuma lokacin gobarar daji ke nan. A Yulin 2023 sai da aka kwashe dubban mutane daga kudu maso gabashin tsibirin, har da Kiyotari. Yuni yana da kyau. Satumba ta fi, don ruwan ya sha rana duk bazara ya yi ɗumi, iska ta kwanta, otal sun fara sauke kuɗi. Daga Nuwamba yawancin otal na bakin teku suna rufewa sai Afrilu ko Mayu. In kwana bakwai gare ku, ku yi biyu ko uku a cikin tsohon gari, Juma'a ta faɗo a ciki, sauran a Kolimbiya ko Pefkos, a ɗaki mai ɗan kicin, don ranar da yara suka ce su shinkafa da miya suke so.